Sunan Ɗiyar Fari

Ranar da dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Yalwa a Jega, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ita kuwa tana gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa. Ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ta haɗa da iyayensu, ta koma kan muciyarta. Sai na biyu ya zo. Wannan daga ɗakin ɗiyarta ya fito, ya gangaro a hankali har bakin murhu, ya tsaya kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Mutum biyu ne a gidan tun rasuwar maigida, sauran 'ya'yan sun yi aure sun watse. Daga Yalwa sai ɗiyarta ta fari, Aliya, manajar shiyya a wani kamfanin taki da irin albasa mai babban ofis a Legas. Da safe tana Aliero, da azahar tana Maiyama, da yamma tana gaban kwamfuta tana cewa "to, oga" ga mutanen da ba su san hanyar Jega ba. Unguwa duka Manaja ake ce mata. Yalwa ma abin ya yi mata daɗi, don kunyar ɗiyar fari ba ta taɓa barin bakinta ya kama sunan ba. Da "ke" take kira, ko "wagga", sai ga sunan Manaja ya zo mata a ɓagas.

Da can yarinyar kan dawo tana ƙorafi. Bayanta, idonta, ogan da ke bugo waya tana cikin salla. Wani lokaci ta yi kuka a banɗaki, ta fito ta ce sabulu ne. Daga baya ƙorafin ya ɗauke ɗif. Yalwa ta ce alhamdu lillahi, an saba.

Amma duwatsun ba su daina ba. Kullum in inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji sun shige akurki, sai su fara. Yalwa ta zauna kan tabarma ita kaɗai, tuwo rufe da faifai yana hucewa, ba abin da take ji sai ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta ta bayan labule. Rannan ƙwas-ƙwas ɗin ya tsaya. Sai ta ji muryar tsoho, namiji, a ɗakin da ba namiji, ya yi doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Wayyo bayana."

Gari na wayewa ta hau mota sai Karaye ta wajen Maiyama, wajen Malam Ɗalha mai ruƙiyya.

Malam ya iso bayan la'asar. Suka jira har Aliya ta dawo, katin aiki rataye a wuya. Ta zauna inda aka nuna mata ba gardama, ido buɗe, ba ya kallon kowa. Malam ya sa habbatussauda a garwashi, ya fara karatu. Hayaƙi ya tashi a miƙe. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Can jikin yarinyar ya girgiza, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, Malam, ya isa. Da kanka ka zo? Allah shi biya ka."

Malam Ɗalha ya daɗe yana wannan aiki, aljani bai taɓa yi masa godiya ba. Ya gyara zama.

"Wane ne kai?"

"Ɗantsoho. Tsamiyar bakin hanyar Alelu nike zaune, kafin a sare ta."

"Mi ya kai ka jikin baiwar Allah?"

"Kango na iske, Malam. Tana tsaye bakin titi tana jiran mota, ƙofa buɗe. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na leƙa, ba kowa."

"Tun yaushe?"

"Tun ana dashen albasa."

Yalwa ta dafe ƙirji. Albasar nan har an cire ta, tana kasuwar Aliero cikin buhuna. Duk tsawon nan aljani take zuba wa tuwo, ita uwa, ba ta gane ba.

"Ni ka zuwa ofis," in ji muryar. "Ni ka cewa to, oga. Ba wanda ya lura, har takardar yabo sunka ba ni. Malam, na ɗauki kuka da saiwarta na gusa da ita, ban ji komi ba. Amma wanga aiki ya hi ƙarhina. Ba Juma'a, ba Lahadi. A gama mitin a kira mitin don a tattauna mitin. Jifan da nike yi, ceto nika nema."

"To fita mana."

"Sai ka sama min wuri. Inda ba sabis."

"Akwai kuka bayan Karaye, waya ba ta kamawa."

"Na karɓa. Saura ɗaya. In na fita yanzu, gawa za ku ɗauka. Mai gidan tana can ƙurya ta naɗe. Ta ce in Manaja aka kira, kada a tashe ta."

Malam ya matso ya ɗaga murya. "Aliya!"

Hayaƙi kawai ya motsa.

"Ba muryarka taka jira ba," in ji tsohon. Idon yarinyar ya juya a hankali ya sauka kan Yalwa.

Yalwa ta ja mayafi ta rufe baki. Uwarta ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba har ta koma ga Allah, kakarta ma haka. Ga kuma baƙon namiji zaune. Ta ce, "Ke. Ke, wagga, tashi mana."



"Inna," in ji muryar, ta yi ƙasa sosai, "na gaji. Ba ni iya riƙe ta har a kira salla."

Ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallacin unguwa. Kan yarinyar ya soma langaɓewa. Yalwa ta rarrafa, ta kama fuskar da hannu biyu, fuska sanyi kamar randa. Sunan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ta runtse ido.

"Aliya."

Ya fito a shaƙe, kamar ba nata ba. Ta sake, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.

"Aliya! Aliyata, taho gida."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi. Wata iska ta bi ta zaure ta fice, ta kaɗa hular Malam. Sai jikin ya yi nauyi a cinyar Yalwa, ɗumi ya fara dawowa. A cikin jakar Aliya waya ta hau ruri. Yalwa ta lalubo ta da hannu ɗaya, ta jefa a tukunyar da ba komi, ta kife murfi.

Aliya ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon uwarta.

"Inna," ta ce, da muryarta ta da, "ashe kin san sunan."