Motar da Aka Shigar da Ita da Gaba

Mai sharar titi ce ta fara ganinsa, bayan la'asar, a cikin kwata. Kekensa ya lanƙwashe, kayan ɗinkin da zai kai wa mai su sun watse a kan kwalta. Mijina ne, tela. Kafin in iso, wata mata ta rufe shi da mayafinta.

Abin da ban gani da idona ba, Sufeton 'yan sanda ne ya faɗa mini daga baya.

Ya tsuguna a wurin, ya tsinci fasasshen gilashin fitila, ya kankare farin fenti daga jikin keken. Babu alamar birki a titin ko kaɗan. Wasu suka ce tifa ce. Ya nemo tifar, ja ce, fitilunta lafiya lau. Wasu suka ce motar haya ce. Ita kuma tun safe tana wurin bakanike, injinta a ƙasa.

Bayan kwana biyu wani dogon dattijo ya kawo kansa ofishin 'yan sanda. Direban wani ɗan kwangila ne, shekara ashirin yana tuƙa shi.

"Ni ne," ya ce. "Ni na buge telan. Waya nake dubawa."

"Mu ga wayar."

Dattijon ya ciro wa Sufeto wata 'yar mitsitsiya mai maɓalli, an ɗaure ta da roba.

"Wannan kake kallo har ka take mutum? Me suke nunawa a ciki, baba?"



A ranar, ɗan kwangilar ya zo gidana da kansa, gajere, idanunsa jajur, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. "Uwargida, ki yafe masa. Tsautsayi ne, kuma 'ya'yansa shida." Saura kaɗan in ce na yafe. Sufeto yana bakin ƙofa, ya ce, "Dakata, iya. Ki san wanda za ki yafe wa tukuna."

Washegari Sufeto ya je gidan ɗan kwangilar ya sa aka buɗe gareji. Ga farar mota, fitilar dama a fashe, gabanta ya kusa taɓa bango, a karkace. Ya kira maigadi.

"Haka direbanku yake ajiye mota?"

Maigadi ya yi dariya kafin ya tuna da wa yake magana. "Shi? Ko gobara ake yi, da baya yake shiga. Har faɗa yake mana in mun tare masa wurin juyawa."

"To ranar Talata, ranar da aka buge telan, wa ya shigo da ita?"

Maigadi ya dubi benen maigidansa, ya haɗiye dariyarsa.

Sufeto ya leƙa ciki. An jawo kujerar direba gaba sosai. A ƙarƙashinta ya sami murfin kwalba. Ya sa aka kawo direban da ɗan kwangilar.

"Baba, shiga ka zauna."

Dattijon ya sa ƙafa, gwiwarsa ta bugi sitiyari. Hannunsa ya tafi zai tura kujerar baya, Sufeto ya riƙe shi.

"Bar ta yadda mai ita ya bar ta. Ranka ya daɗe, bismilla, gwada mu gani."

Ɗan kwangilar bai shiga ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Daga cin abinci da abokai kake," in ji Sufeto. "Ka sha ka bugu. Ba ka taka birki ba domin ko ganin mutumin ba ka yi ba. Ka cusa motar, ka kulle, sannan ka kwana biyu kana roƙon wanda bai taɓa ce maka a'a ba ya ɗauki laifinka."

Da aka saki direban, gidana ya fara zuwa. Ya durƙusa a tsakar gida yana kuka kamar shi aka yi wa rasuwa. Na ce, "Tashi, baba. Ƙaryarka na yafe."

Ɗayan yana gidan yari. Wasiƙa uku ya aiko mini. Suna cikin aljihun keken ɗinkin mijina, tare da almakashinsa. Ban buɗe su ba. Ban kuma ƙone su ba.