Hannun da Callum Bai Ɗaga Ba

Nazmin tana kicin tana ɗauraye kofuna sai ta jiyo muryar mijinta a falo yana waya.

"E, tebur na mutum biyu. Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana. Rubuta da kyau, Callum Ashworth. Surma ne ko? To madalla."

Kofin da ke hannunta ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ta fito da cikinta na wata bakwai, hannu duk kumfa.

"Callum! Wane Surma? Gidan abincin Abba?"

"Akwai wani Surma a Oldham bayan shi ne?"

"Wallahi ka haukace! Maza sake kira ka ce ka fasa. Har da ba su sunanka? Yaya Foysol zai kashe ka!"

"Sau uku ina zuwa ƙofar gidanku, Naz, ba a buɗe mini ba. Ke kika ce mini Abba bai taɓa korar wanda ya zauna a teburinsa ba. To zan je in zauna."

Ta zube a kujera ta fashe da kuka. Tana da dalilin kukan.

Mahaifinta, Toimus Ali, mutumin Silhet ne, wani gari a ƙasar da ke maƙwabtaka da Indiya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da Surma a kwanar layinsu a nan ƙasar Turawa, mutanen unguwa suna kiransa gidan abincin Indiya, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. A farkon zamansa mashaya ne rabin masu cin abincinsa. Su zage shi, su kwaikwayi maganarsa, su jefe shi da gurasa, ya ce, "To, yallaɓai." Ranar nan wani ƙato mai suna Barry Ashworth ya ce miyar da aka kawo masa ba ta yi yaji ba. Toimus ya sunkuyo zai ɗauke farantin, Barry ya fasa masa kofin giya a fuska. Idon hagu ya tafi ke nan. Barry ya yi shekara uku a kurkuku, ya fito ya ci gaba da sha har giya ta kashe shi. Ya bar ɗa guda, wanda lokacin da aka yi abin nan ko tafiya bai fara ba.

Wannan ɗan shi Nazmin ta kawo gida ta ce tana so.

Callum ya musulunta tun kafin ya san ta, ba ya sha, ba ya wasa da salla. Duk wannan bai shiga kunnen Toimus ba. Sunan kawai ya ji ya tashi ya bar ɗakin. Daga baya baffanta ne ya tsaya mata aka ɗaura aure a masallaci. Kada wani ya ce Nazmin ta kyauta. Yarinyar da ubanta ya ce a'a, kamata ya yi ta ƙara jira, ta ƙara roƙo. Amma aure ya ɗauru, kuma shekara biyu ke nan ba ta taka gidansu ba, ba wanda yake ɗaukar wayarta. Ga haihuwa ta matso.

Ta ɗago ta dubi hannuwansa. Magini ne, kuma tun yana shekara goma sha biyu yake dambe, har kofuna ya ciyo.

"Ba dukan da za a yi maka ne kaɗai tsorona ba," ta ce. "In Yaya ya taɓa ka ka rama, ko sau ɗaya ne, shi ke nan. Za su ce ga shi nan, Barry ya dawo. Ni da Abba sai a lahira."

"Ba zan rama ba."

"Ka san zuciyarka!"

"Na sani. Na fi ki saninta. Ba zan ɗaga hannu ba."

Ranar Lahadi Surma a cike yake, iyalai da ’ya’yansu, da tsofaffin unguwa da suka shekara ashirin suna zama a kujera ɗaya. Wani sabon ma’aikaci da bai san su ba ya kai su teburin kusa da taga, ya ajiye musu papadam, wata siririyar gurasa mai ƙaras-ƙaras, da yankakkiyar albasa da miyar mangwaro. Nazmin ta kasa taɓa komai. Ƙamshin gurasa na fitowa daga tanderu, ta san hannun wa ke manna ta, hawaye ya cika mata ido.

Ba su yi minti biyar ba sai ga yayanta Foysol, da farar riga da ɗan littafin ɗaukar oda. Bai ko kalle ta ba.

"Yallaɓai Ashworth. Da na ga sunan na ce ko wani ne yake mana wasa. Me za a kawo? Giya? Ko kofin kawai kake bukata?"

"Ruwa ya isa, Yaya. Salamu alaikum."

"Wa kake ce wa Yaya?"

"Yaya Foysol, don Allah," in ji Nazmin, "Abba muka zo gani, ka taimaka, minti biyu kawai..."

"Ke rufe mini baki! Ba ni da ƙanwa. Tashi ku fita!"

"Mun zo cin abinci ne," in ji Callum a hankali. "In Abba ya fito ya ce mu fita, za mu fita."

"Abba? A bakinka?"

Tas! Marin da Foysol ya yi wa Callum ya tsayar da kowane cokali a gidan. Callum ya miƙe, ya fi Foysol tsawo nesa ba kusa ba, mutane suka fara jan ’ya’yansu baya. Sai ya mai da hannuwansa biyu baya ya harɗe su, ya tsaya.

Wannan tsayuwar ce ta ƙara tunzura Foysol. Ya kai masa naushi a baki, leɓe ya fashe, jini ya ɗiga a kan farin mayafin tebur. Ya ƙara masa a ciki. Ya ƙara a ido.

"Rama mana! Rama, ɗan mashayi! Ba ɗan dambe ba ne kai? Ubanka bai tsaya haka ba! Nuna musu jinin da ke jikinka!"

"Ka gama, Yaya?"

Foysol ya sungumi kujera ya maka masa a kafaɗa, ƙafarta ɗaya ta karye ta yi tsalle ta fasa tulun ruwa a teburin maƙwabta. Mata suka sa ihu. Wata tsohuwa Baturiya tana buga jakarta a tebur tana cewa, "Foysol, kai, bari! Na san ka tun kana cikin zanen goyo, bari!" Wani ya fito da waya yana kiran ’yan sanda. Callum ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya tofar da jini, ya sake miƙewa. Hannuwan suna nan a baya.

Nazmin ta kasa jurewa. Ta tashi da ƙyar ta shiga tsakaninsu ta ware hannu.

"Yaya, ya isa! Ka dubi Allah, ya isa!"

Foysol ya riga ya daina gani. Kusa da shi akwai keken tura abinci, a kai ga farantin ƙarfe da aka sauke daga wuta yanzun nan, nama da albasa suna ƙara a cikin mai. Ya fizge shi ta katakon da ke ƙarƙashinsa ya wurgo.

Hannun Callum bai bar bayansa ba sai a nan. Ya juya ya rungume matarsa, ya tare da damtsen hagu. Ƙarfen ya sauka a kan fata, man ya kwarara daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ƙaurin da ya tashi ba na naman tanderu kaɗai ba ne. Callum ya yi wata ƙara da Nazmin ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Ya sake ta ya juyo. Ta ga hannun damansa ya dunƙule, ta ga kafaɗar ta ja baya, ta ga idonsa ya juye ya zama na wani mutum da ba ta sani ba. Foysol yana tsaye gabansa, haɓa a buɗe, taku ɗaya tak. Ta rufe ido ta ce, "Innalillahi."

Ba ta ji ƙarar naushi ba. Da ta buɗe ido sai ta ga ya damƙi gefen tebur da wannan hannun, yana matsawa har farantai na karkarwa, kansa a sunkuye, gumi da jini na zuba.

"Naz," ya ce da ƙyar, "bai taɓa ki ba ko? Cikin fa?"

Sai a lokacin aka lura da tsohon da ke tsaye a ƙofar kicin. Toimus Ali ne, da gari a hannu, riƙe da dogon tsinken ƙarfe na tanderu wanda bakinsa ya yi ja. Tun marin farko yake wurin. Ya taho a hankali, mutane suna darewa. Nazmin ta dubi tsinken ta dubi mijinta.

Tsohon ya wuce Callum. Ya ajiye tsinken a kan keken, ya ɗaga hannu ya wanke ɗansa da mari, ya ƙara masa na biyu da bayan hannu.

"A teburina? Mutum yana zaune a teburina?"

"Abba, ɗan Barry ne fa! Ɗan wanda ya..."

"Na ga Barry yau. Da idon da ya bar mini na gan shi. Kuma ba wancan ba ne, wanda na haifa ne." Ya nuna Nazmin. "Ƙanwarka da ciki, ka jefe ta da wuta. Ɓace mini daga nan!"

Ya kama Callum ta hannun mai lafiya ya ja shi kicin kamar yaro. Duk wanda ya tsufa a bakin tanderu ya san ƙuna. Ya buɗe famfon ruwan sanyi, ya sa hannun a ƙarƙashi, ya riƙe shi da kansa.

"Minti ashirin. Kar ka motsa. Kar wanda ya kawo mini man shanu ko ƙanƙara, zan ci mutuncinsa."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani, ruwa na zuba. Nazmin ta jingina da buhunan shinkafa tana sheshsheka. Can tsohon ya yi magana.

"An ce ka iya faɗa."

"Na iya, Abba."

"Da ka buge shi fa?"

"Da yanzu yana asibiti."

"Me ya hana ka?"

"Roƙo na zo yi. Abin da mahaifina ya yi maka, ba ni da idon da zan biya ka. Ka yafe mana. In ba za ka iya ganina ba, zan riƙa kawo ta ƙofa in jira a mota. Ita dai kar ta haihu ba uba."

Toimus ya juya hannun don ruwa ya sami ɗaya gefen. Fatar ta tashi ta yi fari fat.

"Na san wannan tsayuwar da ka yi," ya ce. "Shekara goma na yi ta a wancan ɗakin, ina cewa to yallaɓai. Na san nauyinta. Ban taɓa zaton zan ga Bature ya yi ta a gabana ba, balle ɗan wancan mutumin." Ya goge idonsa mai gani da kafaɗa. "Kana cikin zanen goyo aka yi abin nan. Na sani. Kullum na sani. Zuciya ce ta ƙi."

Nazmin ta durƙusa da ƙyar ta kama ƙafafunsa.

"Abba, na yi laifi. Ban jira ka ba. Ka yafe mini."

"Kin yi laifi, ƙwarai kuwa. Tashi, uwata, kar ki danne mini jika. Tashi mana, ba ki ga hannuna a riƙe yake ba?"

’Yan sanda suka zo suka tafi da Foysol, Toimus bai roƙa masa ba. Callum ya faɗa musu abin da ya faru, bai rage ba, bai ƙara ba, ya ce shi dai ya yafe. Da motar asibiti ta iso, tsohon ya naɗe hannun da ledar rufe abinci, ya raka su har bakin titi da garinsa a hannu.

"Ranar Juma’a bayan masallaci ku zo gida, mahaifiyarta ta gan ta. Kai kuma, surukina, kar ka ƙara buga waya kana neman tebur. Nan wurin baƙi ne."

Bayan wata biyu Nazmin ta haifi mace, kuma Toimus Ali ne ya yi mata kiran salla a kunne. Foysol ya sha hukuncinsa a kotu, ya kuma yi kusan shekara kafin ya iya haɗa ido da mijin ƙanwarsa. Ranar da ya zo ba da haƙuri kuka ya hana shi gama magana. Tabon Callum bai ɓace ba, kuma yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba.

Ku samarin yanzu da kuke ganin ramuwa ita ce mazantaka, ku ji da kyau. Foysol ya ɗauki fushin da ba nasa ba, ya goya shi shekara da shekaru, har ya wayi gari yana aikata abin da ya fi ƙi a duniya. Ba a kama ɗa da laifin ubansa. Ku ’yan mata kuma, kada ku ce Nazmin ta tsallake maganar uba ta zauna lafiya, ku ƙirga hawayen shekara biyu da fatar hannun mijinta. Naushi ɗaya ne tsakanin Callum da rushewar gidansa. Yana da ƙarfin yin sa, yana da dalili, duk wanda ke wurin zai ba shi gaskiya. Ya riƙe tebur.