Tsaga Uku a Faifan Kuloci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

To, ku gyara zama. Wannan ba ta namun dawa ba ce, ta mota ce da mutuncin wani dattijo.

Wata Laraba da damina, Hajiya Ummussalma ta shiga ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu da wani ƙarfe a ƙunshe cikin leda. Ta kwance, ta ajiye a teburin Sufeto Mika'ilu. Faifai ne kamar murfin tukunya, ya suɗe har ƙusoshinsa sun fito.

"Faifan kuloci ne," in ji Sufeto. Shekara tara ya yi yana tuƙa motar ofis kafin a ƙara masa girma, don haka ya san kayan.

"Kwana goma da suka wuce na sa aka saka wa motata sabo," in ji Hajiya. "Jiya ta tsaya a Gwaram. Da aka buɗe, wannan aka tarar a ciki."

Motar haya ce ƙarama mai giyar hannu, wadda mijinta ya mutu ya bar mata, tana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Wanda ya yi aikin shi ne Malam Badaru, bakaniken da ya shekara talatin yana gyara wa direbobin tasha. Labari har ya riga Hajiya isa tashar. Shugabannin direbobi sun ce ranar Asabar za su zauna, kuma in ta tabbata shi ya bar tsohon faifan a motar, babu motar tasha da za ta ƙara shiga garejinsa. Ku sani, bakanike ba shi da gona sai sunansa.

Sufeto ya fara da Sada, mai shagon kayan mota.

"Kai ka sayar da faifan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sabo a kwalinsa. Hajiya da kanta ta aiko direbanta ya ɗauka."

"Da me zan gane naka in na gan shi?"

Sada ya jawo wani daga kanta, ya nuna ɗigon jan fenti a tsakiya. "Duk kayana haka nake musu, don kar a dawo mini da na wani a ce nawa ne."

Sufeto ya juya tsohon faifan. Babu fenti. Sada dai ya fita daga zargi, tunda sabo ya bar shagonsa a gaban mutane.

Daga nan Sufeto ya wuce wurin Malam Badaru, ya tarar yana zaune a benci, garejin shiru, ko mota ɗaya babu. Ya karɓi faifan, ya shafa gefensa da babban yatsa.

"Na motar Hajiya ne. Ni na cire shi."

"Baba, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Duba nan." Ya nuna wasu tsaga uku a gefen ƙarfen. "Duk abin da na cire daga mota, sai na sa magagari na yi masa tsaga uku, don kar wani ya wanke ya sayar wa bayin Allah. Sannan in mayar wa mai mota kayansa. Haka maigidana ya koya mini."

"Wa ka ba wannan?"

"Na sa shi a kwalin sabon, na ajiye a but, gefen jak. Na gaya wa Munzali direba ya kai wa Hajiya."

"Wa ya ga ka saka sabon?"

Malam Badaru ya ce, "Allah."

Sufeto ya fito yana tunani. Mutum ba ya yi wa ƙarfe shaidar cewa ya mutu, sannan ya mayar da shi cikin mota da hannunsa. Amma tunani ba hujja ba ne, kuma Asabar tana matsowa.

Ya sami Munzali a tasha, ya yi tagumi.

"An ba ka tsohon faifai ka kai wa Hajiya?"

Munzali ya dafe kai. "Wallahi an ba ni. Mantawa na yi."

"Kwana goma kana mantuwa?"

"Yallaɓai, kullum but ɗin cike yake da buhuna."

"Ka taɓa ajiye motar a kwanakin nan?"

"Ko wuni ɗaya. Tambayi 'yan kamasho."

Ya tambaya, suka ce kullum Munzali yana kan layi daga safe zuwa la'asar. Ba a kuma isa ga faifan sai an sauke giyabos, wato akwatin giya, shi kuwa ba aikin minti goma ba ne, rabin wuni yake ci.

"To faɗa mini yadda ta tsaya," in ji Sufeto. "Kar ka tsallake komai."

"Muna shiga Gwaram, na taka kuloci zan sauya giya, sai na ji ƙas. Feda ta faɗi ƙasa, ta ƙi dawowa. Giya ta ƙi shiga."

"Kafin nan tana kuka ba ta gudu? Ka taka mai, inji ya yi ta ihu, mota tana jan ƙafa?"

"A'a. Wannan ai kafin gyara ne. Tun da Baba Badaru ya taɓa ta, ko da lodin gero take hawa tudu."

"Ka ji ƙauri?"

"Ban ji ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Muka tura ta garejin wani Salihu a bakin hanya. Ya ce sai an sauke giyabos. Ni kuma na tafi nema wa fasinjojin da za su wuce Zandam mota, na yi azahar, na ci abinci. Da na dawo ya miƙo mini wannan, ya ce an cuce mu."

Sufeto ya sake duban faifan a rana. Fuskarsa duk tsatsa ce ja. Ya mayar cikin leda.

Washegari da hantsi ya sa tsohuwar riga da hula, ya ɗauki abokin aikinsa ɗaya, suka hau motar Gwaram. Motar Hajiya tana gefen garejin Salihu, hancinta a ɗage kan duwatsu. Salihu mutum ne mai fara'a, bai fi shekara arba'in ba.

"Sannu da aiki, Malam. Faifan kuloci nake nema na irin wannan motar. Sabo ya fi ƙarfina."

Salihu ya dube shi sama da ƙasa. "Ka taki sa'a, Alhaji. Akwai wani ɗan Kwatano, kamar ba a taɓa hawa ba."

Ya shiga ciki, ya fito da shi a tsumma. Sufeto ya goge tsakiyar da yatsa. Ɗigon jan fenti ya bayyana.

"Buɗe mini but ɗin motar nan."

"Ta mutane ce, Alhaji."

Sufeto ya nuna masa katinsa. Aka buɗe. Ga kwalin nan inda Malam Badaru ya ce, ya jiƙe da ruwan da ke ɗiga ta murfi, kuma babu komai a ciki. Sufeto ya zagaya gaba, ya zura hannu ya jawo wayar kuloci. A tsinke take.

"Zauna, Salihu, in ba ka labari," in ji shi. "In na yi kuskure ka gyara mini. Faifan da ya suɗe ba ya kayar da feda. Zamewa yake yi, ya yi ƙauri. Waya ce ta tsinke, aikin da ba ya kai awa ɗaya. Ka buɗe but neman jak, ka ga tsohon faifai a kwalin sabo, ka gane akwai sabo a cikin motar. Direba ya tafi, ka sauke giyabos, ka ɗauke sabon, ka miƙa masa tsohon. Amma faifan da yake aiki har shekaranjiya ba ya tsatsa, gogewa yake kamar madubi. Wannan kwana goma ya yi a jiƙaƙƙen kwali. Ga kuma tsaga uku, da ba ka san ma'anarsu ba."

Salihu ya dubi tsagar a gefen tsohon faifan.

"Na ɗauka tsagar dutse ce," in ji shi a hankali.

"Ka san Malam Badaru?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Shi ya sa ya yi maka sauƙin ɗora wa laifi."

"Yallaɓai, ni faifan kawai na gani. Ban yi tunanin mutum ba."

"Na yarda," in ji Sufeto. "Tashi mu je."

Ranar Juma'a aka jawo motar zuwa Birnin Kudu. Hajiya Ummussalma ta zo garejin da kanta, ta tsaya a bakin rumfa.

"Malam, na yi gaggawa. Ka yafe mini."

"Ba komai, Hajiya. Ko ni aka nuna wa wannan faifan, abin da zan zata ke nan."

Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashin motar. Ya goge mazaunin faifan, ya dube shi da kyau ko ya yi zane. Ya ɗora sabon da aka karɓo daga Salihu, ya zura wani guntun itace da ya sha hannu har ya yi baƙi, don faifan ya zauna daidai a tsakiya, sannan ya riƙa ɗaure notuna, wannan gefe, wancan gefe, kaɗan-kaɗan. Munzali da Sufeto suka kama masa giyabos har ya shige. Ya saka sabuwar waya. Da ya gama, ya ɗauki tsinkakkiyar, ya yi wa ƙarfen bakinta tsaga uku da magagari. Munzali ya miƙo hannu.

"A'a, ɗana," in ji Malam Badaru. "Kai but ɗinka cike yake da buhuna."

Ya miƙa wa Hajiya a hannunta.

Zaman Asabar bai ɗauki lokaci ba. Sufeto ya ajiye tsohon faifan da kwalin a gaban direbobi, ya yi bayani, aka shafa fatiha. Salihu ya amsa laifinsa a gaban alƙali, ya yi wata uku a gidan yari, da ya fito ya koma noma a garinsu. Sada yana nan da jan fentinsa. Munzali yana tuƙa motar har yau, kuma duk safiya sai ya leƙa but kafin a yi lodi. Hajiya Ummussalma ta aurar da 'ya'yanta biyu da abin da motar ta samo. An mayar da Sufeto Mika'ilu Dutse. Malam Badaru kuwa ya ƙara shekara shida yana gyara wa direbobin tasha, sannan idonsa ya yi rauni, ya ajiye aiki, ya koma gida da magagarinsa.