Sunan 'Yar Fari a Gaban Alƙaliya

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta watan da abin ya faru, na manta sunan titin da aka yi zanga-zangar, har kamannin alƙaliyar ma sun goge daga kaina. Abin da ya rage shi ne wanda zuciya ta riƙe, shi zan ba ku yadda yake.

Shafa'atu na kicin a gidansu da ke unguwar Plumstead a Landan tana yanka albasa, sai ta ji muryar mahaifinta daga falo.

"Ke, zo nan."

Ita ce "ke" a gidan, don ita ce 'yar fari. Ta wanke hannu ta fito. Alhaji Lawal na zaune da waya a hannu, Hajiya Zarah na gefe ta zabga tagumi. A lungun falon kuwa ga kayan sa rana nan da dangin Uwaisu suka kawo, goro da alawa da dabino, ko gama rabawa ba a yi ba.

"Kin ga wannan?" Ya juyo mata da wayar.

Ta riga ta gani, kowa ma ya gani. Uwaisu ne a bidiyon, saurayin da aka sa musu rana da shi, ɗalibin da ya zo daga Zamfara karatun digiri na biyu. Yana tsaye a tsakiyar Landan da lasifika, yana karanta sunayen mutanen da 'yan bindiga suka kashe a ƙauyukan Arewa, har da na mahaifinsa. Daga nan wasu suka zauna a kan titi suka tare motoci, 'yan sanda suka kwashi na gaba-gaba. An sake shi ba a tuhume shi da komai ba. Amma ba a jima ba aka soke masa biza, aka ce zamansa ba alheri ba ne ga jama'ar ƙasa. Da ya je ofishin shige da fice sa hannu sai aka riƙe shi, aka kai shi gidan tsare baƙi da ke kusa da filin jirgi.

"Baba, ai ba sata ya yi ba. Magana ya yi."

"Maganar ce ta kai shi inda yake. Tun kafin ki yi wayo nake garin nan, ko tikitin fakin ba a taɓa manna mini ba. Baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane."

"Su da kansu suka ce a ƙasar nan kowa na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa."

"Kowa mai fasfo. Shi biza gare shi. Biza zanen aro ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara."

Shafa'atu ta durƙusa kusa da kujerarsa. "Lauyarsa ta ce za a iya ba da shi beli, in an samu ɗan ƙasa mai gida da zai tsaya masa, ya ba da adireshi. In ba a samu ba, za su iya yi masa booking ɗin jirgi su mayar da shi Najeriya kowace rana. Baba, kai kaɗai..."

"Ni? In kai sunana gaban hukuma saboda yaron da bai iya bakinsa ba?" Ya nuna lungun falon da haɓa. "Hajiya, a haɗa kayan nan a mayar musu."

"Alhaji, a bi a hankali," in ji Hajiya Zarah. "Kayan sa rana ba kayan kanti ba ne da za a mayar da rasit."

"Na gama magana."

Shafa'atu ta koma kicin. Albasa ta rufa mata asiri, don babu wanda zai tambayi dalilin hawayen.

Kashegari da rana, a lokacin hutunta a asibitin da take aikin jinya, Uwaisu ya kira ta daga inda ake tsare da shi.

"Shafa, in Allah ya fito da ni, roƙo ɗaya zan yi miki. Kada ki taɓa dafa mini dankali. Safe dankali, rana dankali, har mafarkinsa nake yi."

"Ni ba wasa ya kawo ni ba. Baba ya ce a mayar da kaya."



"Na yi tunani," ta ci gaba da sauri. "Mu nemi izini mu yi registry, auren hukuma, a can inda kake. Ba sai da Baba ba. In na zama matarka a takarda, sai su yi tunani sau biyu kafin su ɗora ka a jirgi."

"A'a."

"Kamar ya a'a? Kai ne fa a kulle, ba ni ba."

"Na sani. Amma ban zo gidanku ta taga ba, ba kuma zan ɗauke ki ta taga ba. Mutumin nan tsoro yake ji, Shafa, ba ƙina yake ba. Ki yi haƙuri da shi."

"Haƙuri, haƙuri. Kowa haƙuri. Su sun ce ka yi shiru, Baba ya ce ka yi shiru, yanzu kai ma kana ce mini in yi shiru. To ni wa zan yi wa ihu?"

"Ki yi wa dankali."

Ta kashe wayar don haushi, sannan ta zauna a matattakalar bene tana dariya tana kuka. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta da wanda za ta kama da laifi gaba ɗaya. Ta yi ta bi ta kan mahaifinta ta kowace hanya. Ta bi ta Hajiya, ya ce su mata ba sa gane hukuma. Ta bi ta limamin masallacin unguwa, ya ce zai duba. Ta karanto masa hadisin wanda ya ga abin ƙi ya gyara da harshensa, ya ce shi a kan na zuciya ya tsaya, kuma Allah ya san ƙarfin kowa. Kayan sa rana dai ba a mayar ba, don Hajiya Zarah kullum sai ta ce ba ta samu kwali ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Kachollom ta zo gidan tare da mijinta Bot. 'Yan Filato ne. Kachollom ƙawar Shafa'atu ce a asibiti, Bot kuma direban bas ne a Woolwich. Suka gaida Alhaji har ƙasa.

"Baba, ba roƙo muka zo ba," in ji Bot. "Shawara na zo nema. Ni zan tsaya wa Uwaisu. Kai ka san Turancin ofis, ni na fasinja kawai na iya. Yaya ake yi wa alƙali magana?"

Alhaji Lawal ya cire tabarau ya dube shi. "Kai? Kai da takardun zamanka ba su kammala ba? In suka buɗe fayil ɗinka fa?"

"Haka na ce masa," in ji Kachollom. "Kunnen ƙashi gare shi."

"Ke ce fa kika goge mini kwat," Bot ya ce da ita. Sannan ya juyo. "Baba, ranar nan ba sunayen mutanen Zamfara kaɗai ya karanta ba. Har da namu. Ya zo gidana ya zauna ina koya masa yadda ake faɗin sunan ƙanwata, don kada ya karya shi. Da ya zo kan sunan a lasifika, ya faɗe shi daidai. Tun da aka binne ta ban ji wani ya kira sunan a fili ba."

Alhaji ya mayar da tabaransa, ya ce a kawo wa baƙi abinci. Shafa'atu ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ko kalma ɗaya, ba ta samu ba. Ranar ta yanke ƙauna.

Safiyar zaman kotu, tana saka takalmi sai ta ga mahaifinta ya sauko cikin babbar riga da hula zanna.

"Ke, kira yaron nan Bot ki ce ya tafi aikinsa. Wuce mu je kada jirgin ƙasa ya bar mu."

A hanya lauyar Uwaisu ta kira, ta yi ta nanata masa abu ɗaya: in an tambaye shi dangantakarsu, ya ce saurayin 'yarsa ne, an sa musu rana. Ya ce ya ji.

Ɗakin kotun ƙarami ne, bai kai falon wasu ba. Uwaisu na cikin allon talabijin daga inda ake tsare da shi, ya rame, da ya hango Alhaji sai ya sunkuyar da kai. Aka kira Alhaji Lawal gaba. Da Turanci aka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

"Mene ne tsakaninka da wannan mutum?" in ji alƙaliya.

Alhaji ya buɗe baki, ya waiga ya ga 'yarsa zaune a baya, ya ga surukinsa a allo. Dattijon Bahaushe ne, a ce ya tsaya cikin mutane yana zancen saurayin 'yarsa ta fari? Harshe ya ƙi.

"Ɗana ne," ya ce.

Lauyan hukuma ya miƙe kamar an tsikare shi. "Ɗanka? Takardunsa sun ce mahaifinsa ya rasu a Najeriya. Shi kansa ya faɗa a bidiyo. To wa ke ƙarya a cikinku?"

"Babu mai ƙarya. Ɗana ne, amma ba ni na haife shi ba."

"Riƙonsa ka yi? Ina shaida?"

"Ban riƙe shi ba."

Shafa'atu ta ji kamar ta tsala ihu. Ta ga alƙaliya ta ajiye biro, ta ga lauyar Uwaisu ta dafe goshi. Duk wahalar nan za ta rushe a kan kunya.

Lauyar ta nemi izini ta sa baki. "Ranki ya daɗe, akwai maganar aure tsakanin wanda ake tsare da 'yar wannan dattijo. Tana nan cikin ɗakin."

Alƙaliya ta dubi Alhaji. "Haka ne?"

"Haka ne."

"Yaya sunan 'yar taka?"

Ya nuna ta da hannu. "Ga ta can."

"Sunanta na tambaya."

"Yana cikin takarda, ranki ya daɗe."

"Ranki ya daɗe," in ji lauyan hukuma, "mai tsayawar nan ya kira baƙo ɗansa, kuma bai san sunan 'yarsa ba. Ina ganin ba sai na ƙara komai ba."

To ku da kuka tashi a nan, bari in ɗan tsaya in gaya muku. A wurinmu na da, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ƙi ba ne, so ne ya yi yawa har ya koma kunya. Tun ranar suna Alhaji Lawal bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba. A makaranta Hajiya ke faɗa, a asibiti rubutawa yake yi ya miƙa. Ita kanta Shafa'atu ba ta san yadda sunanta yake a bakin mahaifinta ba.

Alhaji ya kama bakin teburi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Bai dubi kowa ba.

"Shafa'atu," ya ce. Sai ya sake faɗa da ƙarfi. "Sunanta Shafa'atu Lawal. 'Yata ce ta fari, shi ya sa ba na faɗa. Wancan kuma na ba shi ita, kuma a wurinmu wanda ka ba 'yarka ɗanka ne. Na yi fushi da shi don ya yi magana. Amma na sake kallon bidiyon nan, ban ji ya zagi kowa ba. Sunayen matattu ya kira. Na ga yau cewa kiran suna ba ƙaramin aiki ba ne. Gidana na Plumstead, ya zo ya zauna."

Shafa'atu ta cusa fuska cikin mayafi. A allo ma Uwaisu ya juya baya yana share ido.

Abin da alƙaliya ta ce daga nan ya ɓace mini, na dai san ta yi wa Alhaji wasu 'yan tambayoyi cikin taushin murya, kuma ta ba da beli. Tunda ba a ɗaura aure ba, Shafa'atu ce ta tattara ta koma wurin gwaggonta a Catford, Uwaisu ya shiga ɗakin ƙanenta. A can ya zauna yana cin tuwon Hajiya Zarah, suna kallon labarai da Alhaji ba mai duban idon wani. Shari'ar biza ta ja lokaci, aka yi ta ɗagawa har Shafa'atu ta daina tambayar rana. A ƙarshe aka mayar masa da ita, aka ɗaura aure a masallacin unguwa, Bot ya yi ta jigilar mutane da motar aro.

'Ya'yana, darasin a fili yake. Da Shafa'atu ta bi ta bayan gida, da wataƙila ta samu miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri a kan dole, tana cizon yatsa, ta samu duka biyun. Shi kuma baƙo, baƙuncinsa bai ɗinke masa baki ba, muddin gaskiya ya faɗa kuma bai cuci kowa ba.

Wasu sun ce an ga Alhaji Lawal a taro na gaba, tsaye a gefen titi yana riƙe wa masu magana lema. Wannan ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne wanda na tambayi Hajiya Zarah da kaina, ta kuma rantse mini: tun daga ranar kotun nan har yau, bai sake kiran sunan ba.