Bencin Masu Jira

Ku da kuke ganin mutum ya tashi da dukiya farat ɗaya ku hau haɗiyar yawu, ku gyara zama ku ji yadda ta kaya da Mai Fayil.

'Yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, don tun da ya gama jami'a ba a ƙara ganinsa babu wani koren fayil a hammatarsa ba. Da safe zai goge rigarsa ɗaya tilo, ƙaninsa Auta ya shafa masa mai a takalmi, Inna mahaifiyarsu ta raka shi da addu'a har bakin ƙofa. Da yamma ya dawo yana jan ƙafa, masu zaman bakin titi su ɗaga masa hannu su ce, "Ranka ya daɗe, an tashi daga ofis?" Sai ya yi yaƙe ya wuce.

Babu kalar wulaƙancin da bai ɗanɗana ba. Nan a ce ana son mai ƙwarewa, kai ka ce ƙwarewar a kasuwa ake sayenta. Can a ce karatunsa ya yi wa aikin yawa. Ya taɓa zama jarrabawar ɗaukar aiki a filin ƙwallo cikin dubban mutane, takarda a kan cinya, rana tana gasa masa ƙeya, daga baya ya ji ashe an raba guraben tun kafin a buga sanarwa.

Amma wanda ya ƙona masa rai fiye da kowa shi ne wani Manaja, tsohon abokin marigayi babansu. Shi da bakinsa ya ce, "Zo ofis ka same ni, ai kai ɗana ne." Mai Fayil ya je, aka nuna masa wani benci a baranda. A kan bencin nan ya ƙarar da damina guda. Kullum maganar ɗaya ce: "Oga yana mitin, ka dawo gobe."

Rannan wani saurayi mai ƙamshin turare ya zo ya wuce kai tsaye, ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba. Jim kaɗan ya fito ana taya shi murna. Ashe ɗan yayar matar Manaja ne. Manaja ya rako shi, ya hango Mai Fayil.

"Af! Har yanzu kana nan? Kai dai akwai haƙuri. Tashi ka sayo mini ruwan sanyi, ka motsa jini."

Aka kwashe da dariya. Abin takaicin, ya tashi ya sayo, da kuɗin motarsa, ya koma gida a ƙasa. A hanyar nan ya daina roƙon Allah aiki. Abin da yake so yanzu shi ne ya ga Manaja a wulaƙance.

Wani abokin zaman benci ya taɓa raɗa masa labarin wani boka a bayan tsohuwar ma'aikatar bulo da aka daina aiki da ita. Da tsakar rana ya je. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar huda a rufi da haske ke zubowa ta cikinta. Kwaɗuna masu tsatsa, duk a kulle, suna reto a jikin igiyoyi ba tare da iska ba. A kusurwa ga tulin tsofaffin takalma, kusa da su wata tukunya cike da baƙin ruwa da ke motsi shi kaɗai. Wurin yana warin ƙonannen gashi. Bokan kuwa siriri ne, fes da shi, kamar akawun banki, kuma bai ko ɗaga kai ba.

"Aiki kake nema?"

"Na gama neman aiki. So nake a nema a wurina."

Sai a nan Boka ya dube shi. "Kuɗi ne ya kawo ka, ko mutum?"

"Duka biyun."

"Masu cewa duka biyun sun fi saurin biya. Zauna."

"Tsaya tukuna," in ji Mai Fayil. "Ni ba zan yanka kowa ba. Ba zan ba da uwata ko ƙanena ba. In irin wannan ne, in tashi."

Boka ya yi wata 'yar dariya mara sauti. "Wa ya tambaye ka jini? Kai da ka sha zama, ba ka san abin da ke zuba daga jikin mai jira ba? Kowane mai neman aiki da rabonsa yake yawo. Yana zaune yana sa rai, rabon yana tsiyaya a banza. Ni benci zan ba ka mai tara shi. Duk wanda ya zauna a kai yana jiran ka ɗauke shi aiki, rabonsa naka ne. Kai dai kada ka kore shi, kada kuma ka ɗauke shi. A ce ya dawo gobe."

"Su kuma fa? Me zai same su?"

"Da kake zaune, wa ya tambayi me zai same ka?"

Maganar ta shigi Mai Fayil.

"Abu ɗaya," in ji Boka. "Bencin nan ba ya tambayar ɗan wane ne."

"Ai abin da nake so ke nan!" in ji Mai Fayil. "Ɗan wane ne ya kashe ni." Bai tsaya ya juya maganar a ransa ba, don fushi ya riga ya toshe masa kunne.

Boka ya sa ya tuɓe takalmansa, waɗanda yawon ofisoshi ya cinye wa dunduniya. Ya ƙone su a kasko, ya kwaɓa tokar da baƙin ruwan tukunya. Ya jawo wani dogon katako daga bayan labule, ya ce a kansa aka daɗe ana wanke gawa. Ya sa Mai Fayil ya shafe cikin katakon da kwaɓin da tafin hannunsa, yana kiran duk ofishin da aka taɓa wulaƙanta shi, yana tofa yawu. Da ya ambaci Manaja, kwaɗunan nan suka kaɗa gaba ɗaya. Ya saɓo katakon ya fito ba takalmi, ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa.

Ya kai wa kafinta aka yi masa ƙafafu, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli. Ya kama wani ɗan shago haya, ya manna sanarwar neman ma'aikata. Kafin la'asar benci ya cika har da masu tsayuwa.

Daga nan abubuwa suka buɗe. Kwangilar da bai nema ba ta zo ta same shi. Kayan da ya saya da arha suka yi tsada a hannunsa. Shago ya koma bene, bene ya haifi rassa. Masu tsokanarsa a bakin titi suka koma miƙewa tsaye in motarsa ta gifta. Ma'aikatansa na gaske ta bayan fage yake ɗaukarsu. Sanarwar kuwa ba ta taɓa sauka daga bango ba, bencin kuma yana nan a baranda, daidai inda zai riƙa hango shi ta wani baƙin gilashi.

Ya ga yadda suke zuwa da ƙarfinsu, riga a goge, ya ga yadda suke yanƙwanewa. Wani ya zo da ƙiba ya koma kamar sanda. Wata ta fara magana ita kaɗai. Wani ya tashi daga bencin ya miƙe tsakiyar titi bai waiwayi mota ba. Mai Fayil ya ce a ransa, ni ma haka aka yi mini.

Ana nan sai ga ranar da yake jira. An sallami Manaja daga aiki, girma ya zube, ga iyali. Ya zo da takardunsa a leda, yana cewa a gaya wa mai kamfani baban nan nasa ne. Aka nuna masa benci. Mai Fayil ya jawo kujera gaban gilashi, ya zauna yana kallo kamar mai kallon wasa. Ya bar shi ya yi makonni. Rannan ya fito, ya tsaya a kansa.

"Af, Baba! Har yanzu kana nan? Kai dai akwai haƙuri. Tashi ka sayo mini ruwan sanyi."

Tsohon ya tashi yana dafa bango, ya sayo. Bai ƙara wani mako ba aka zo rufe ofis aka tarar da shi a zaune, ido buɗe, leda a kan cinya, rai ya yi halinsa. A makon nan Mai Fayil ya sami kwangilar da ta fi kowace girma. Mutuwar kuwa wallahi ko a jikinsa, har cewa ya yi abincin ranar ya fi daɗi. Daga nan kallon ya gundure shi, ya sa aka ja labule a kan gilashin, ya koma shiga ofis ta ƙofar baya.

To, akwai wata magana da yake yawan yi a gida. Don kada dangi su matso kusa da bencin, duk wanda ya zo da batun a ɗauki ɗansa sai ya daka masa tsawa: "A kamfanina babu ɗan wane! Kowa ta ƙofa yake shiga." Dangi suka yi fushi suka janye. Auta kuwa, wanda tun yana goge takalmi bai ga mutum kamar yayansa ba, ya ɗauki maganar da gaske, har yana alfahari da ita a cikin abokai.

Auta ya gama jami'a a lokacin da yayan ya tare a sabon gida, sai aike, ba ya leƙo su. Ya ce wa Inna, "Ba zan kunyata Yaya ba. Zan bi layi kamar kowa, in na ci sai ya gan ni a gabansa." Inna ta ji daɗi, ta sa masa albarka, ta ce kada ma ya faɗa wa kowa shi ƙaninsa ne. Sakatariyar ofis sabuwa ce, ba ta san shi ba. Ta karɓi takardunsa ta jefa a kwali, ta nuna masa wurin zama.

Watanni suka shuɗe. Rannan da hantsi Inna ta kira Mai Fayil a waya.

"Kai, wai yaushe za ka kira yaron nan ne? Gwajin ya isa haka. Ba ya ci, ba ya barci, ko a gida sai ya zauna a bakin gado da rigarsa a goge yana kallon ƙofa."

"Wane yaro, Inna?"

"Auta mana. Ba kullum yana wurinka ba?"

Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Ya banke ƙofa ya fito baranda. Ga Auta can ƙarshen benci, wuya ya zama kamar zare, idanu sun faɗa, ya rungume takardu a ƙirji. Mai Fayil ya fizgo shi yana kiran sunansa. Auta ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ce cikin ladabi, "Malam, bi layi. Na riga ka zuwa."

A ranar ya koma wurin Boka, ya zube a ƙasa.

"Karɓi komai! Gidajen, kamfanin, duka. Ka dawo mini da ƙanena."

"Da wace mota ka zo?" in ji Boka.

"Sabuwar."

"To ita ce ƙanen naka. Ita da gidan da ka tare. Yaron yana da rabo mai yawa, ka kuwa ci ka ƙoshi. Abin da aka ci ba ya komawa kwano."

"Ka cuce ni!"

"Na gaya maka ba ya tambayar ɗan wane ne, ka ce abin da kake so ke nan. Tashi ka ba ni wuri, akwai masu jira."

Ya dawo ya fasa bencin da gatari a gaban ma'aikata, ya cinna masa wuta. Hayaƙin ya yi kwanaki bai bar benen ba. Daga ranar komai ya juya masa baya. Kwangiloli suka warware, rumbun kayansa ya ƙone, banki ya ƙwace gidajen. Ma'aikata suka watse, labarin benci ya bazu a gari. Iyayen waɗanda suka zauna a kansa suka riƙa zuwa ƙofar gidan Inna suna tsine masa da rana tsaka, har da matar Manaja, wadda ta ce ba za ta yafe ba duniya da lahira.

A bakinsu Inna ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "'Ya'yan mutane ka ci, ka ciyar da ni da su, sannan ka haɗa da nawa." Ta juya fuskarta bango. Ya yi roƙon duniya, ba ta ƙara ce masa uffan ba har ta cika.

Yanzu su biyu suka rage a tsohon gidan. Kullum da safe Auta yakan sa rigarsa, ya zauna a kan wani dutse a tsakar gida, ya zuba wa ƙofar ɗaki ido. Mai Fayil ya gwada asibiti, ya gwada masu addu'a. Da abin ya ƙi, rannan ya ari kwat, ya shiga ɗakin, ya buɗe ƙofar ya fito kamar yadda oga ke fitowa. Ya durƙusa a gaban ƙaninsa, hawaye na zuba.

"Auta, ni ne mai kamfanin. An ɗauke ka. Tashi ka fara aiki yau."

Auta ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"A'a, Malam, kada ka sa ni a matsala. Mai kamfanin nan yayana ne, mutumin kirki, ba ya cutar kowa. Shi zai kira ni da kansa."

Ya gyara zama ya ci gaba da kallon ƙofa.

Don haka kai da ke yawo da takardu, rana na dukanka, ana maka dariya a bakin titi, na san da ciwo, kuma waɗanda suka wulaƙanta ka Allah ba zai bar su ba. Amma kada baƙin ciki da kwaɗayi su kai ka ɗakin da ba taga. Duk dukiyar da aka ce maka ba ta da farashi, wani ne zai biya, kuma ba kai za ka zaɓi ko wane ne ba.