Agogon da Ya Koma Baya

Ranar Litinin Hajiya Mairo, shugabar wata makarantar kuɗi a Unguwar Gano, ta kai ƙara caji ofis. Tambayoyin jarrabawar ƙarshe sun fita, suna yawo a wayoyin ɗalibai.

"Wa ya san lambar sirrin kwamfutar da tambayoyin suke ciki?" in ji Sufeto Rabi'u.

"Daga ni sai sakatariyata, Precious."

Nan take ya sa aka tsare Precious. Wannan gaggawar har yau tana cin ransa.

Washegari ya je makarantar, ya kunna kwamfutar. Agogon hannunsa ƙarfe goma, na kwamfutar tara.

"Dama haka take?"

"Tun Juma'a ne," in ji Hajiya. "Precious ta yi min maganar, ban kula ba."

Suka kai kwamfutar wajen Ɗanladi mai gyara a Gyaɗi-Gyaɗi. Bai fi minti biyar ba ya ɗago kai.

"Yallaɓai, manhaja biyu ke tuƙa ta, Windows da Linux, kamar gida mai ƙofa biyu. Ɓangaren faifan da takardu suke ciki na tarayya ne, ta kowacce ana isa. Kun garƙame ƙofar gaba, ta baya kun manta da ita. In aka shiga ta Linux aka fita, agogon Windows sai ya koma baya da awa ɗaya."

"Wa ya ɗora Linux ɗin?"

Hajiya ta ce, "Malam Sulaiman, malamin kwamfuta."

Aka kira shi. Ya zo da fara'arsa.

"Rabona da ita shekara biyu, Yallaɓai. Juma'a kuwa ina masallaci."

Ɗanladi ya juyo masa da allon. Ga sunansa a jerin waɗanda suka shiga ta Linux, ga Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da Precious ta fita sayen abinci.

Fara'ar ta gushe.

"Don 'yata Kulu na kwafa. Sau biyu tana faɗuwa. Ban san za ta tura wa ƙawayenta ba."

"Kana tsaye aka tafi da baiwar Allah, ka yi shiru?" in ji Sufeto Rabi'u.

Wani kofur ya tasa ƙeyar Malam Sulaiman zuwa mota.

Da aka fito da Precious, Hajiya ta kamo hannunta.

"Ki yi haƙuri, gobe ki dawo aiki."

"Shekara tara ina tare da ke, Hajiya. Na fa gaya miki agogon nan ya canza."

Precious ta ajiye makullan ofis a kan kantar 'yan sanda, ta fita ta tari adaidaita. Sufeto Rabi'u ya biyo ta da ban haƙuri a bakinsa, amma kafin ya kai bakin titi sun yi kwana.