Shiyya ta Uku

Da la'asar sakaliya Munir mai gyaran kwamfuta ya zauna gaban tsofaffin injinan da wata ƙungiya ta jibge wa wani ɗakin shan magani a Safana, masu ƙaton ƙeya waɗanda birni ya gama yayinsu. Aikinsa ya saita su su riƙa ganin na ɗakin shan maganin Batsari. Shiyya biyu ya rubuta, Safana da Batsari, amma da ya buɗe jerin sai ya ga uku. Ta ukun Unguwar Jinjiri ce, ƙauyensu da 'yan bindiga suka ƙone shekarar da aka datse layin waya.

Ya goge ta, ta dawo.

Ana kiran magariba janareto ya mutu, allon kuwa bai mutu ba. Ƙaurin ƙonannen gero ya cika ɗakin. Wani ya yi sallama, muryar a shaƙe kamar daga cikin rijiya.

"Malam, mu ma a haɗa mu."

"Ai babu kowa a can," in ji Munir, bai waiga ba.

"Akwai. Tun daren nan muke kira, ba ya shiga."

Munir ya sunkuyar da kai. Ga ƙafafu biyu dab da kujerarsa, furu-furu da toka, ba su taɓa siminti ba. Ta hagu babu ƙaramin yatsa. Shi da hannunsa ya sare wa wansa shi da fartanya suna yara, a gonar babansu.

"Yaya Rabe?"

"Kai da ka iya haɗa gari da gari," muryar ta ce a hankali, "ina ka shiga rannan?"